Rahoton Ayyukan Shekara: Kwararowar Kayan Ulu Daga Waje da Halin da Ayyukanmu Ke Ciki

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Ga rahoton abin da kwamitin zartarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a babban taron bara. Lissafin shiga da fitar kuɗi yana cikin takardar ma'aji, wadda mai binciken kuɗi ya duba ya sa wa hannu, don haka ba zan maimaita shi a nan ba. Kafin komai, muna yi wa iyalan mambobinmu da suka riga mu gidan gaskiya a wannan shekara ta'aziyya. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Babban aikin da kuka ba mu ɗaya ne: mu nemo yadda za a tsayar da zubewar ayyuka a masaƙun ulu, tunda kowa yana gani da idonsa yadda yadin waje ya cika kasuwa. Gara in faɗi sakamakon tun yanzu. Ba mu tsayar ba. Koken da muka kai ma an dawo mana da shi, kuma yawancin wannan rahoto zai tsaya ne a kan dalilin dawowarsa, domin daga nan aikin sauran watanni ya samo asali.

Koken da aka dawo mana da shi

Za ku tuna ƙudurin bara shi ne a nemi gwamnati ta hana shigo da yadin ulu baki ɗaya. Mun rubuta takarda mai zafi, kun sa hannu, tawagarmu ta kai ta ofishin da ke kula da cinikin waje. An karɓe mu da mutunci, har da ba mu wurin zama. Jami'in da ya saurare mu tambaya uku kawai ya yi. Wane irin yadi kuke nufi, a ƙarƙashin wace lambar kwastam? Da nawa ya ƙaru, a cikin shekara nawa? Me zai nuna cewa shi ne ya rufe masaƙunku ba wani abu dabam ba? Muka yi tsuru-tsuru. Abin da muka riƙo labari ne, labarin gaskiya kuwa, amma ba irin wanda ake sa wa hatimi ba.

Ni ne na jagoranci rubuta takardar, saboda haka laifin ya fi hawa kaina. Da muka dawo muka nemi lauya masanin dokar ciniki ya zauna da mu, ga kuma abin da muka fahimta, ya kamata kowane mamba ya sani.

Duk ƙasar da ke cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, ta amince ba za ta rufe ƙofa ga kaya haka kawai ba. Sashe na 11 na GATT, wato babbar yarjejeniyar haraji da ciniki da ƙasashen ƙungiyar ke bi, ya hana ƙayyade adadin kayan da ke shigowa sai a wasu keɓantattun yanayi. Cikin ƙofofin da aka bari a buɗe ga irinmu, ga guda biyu. Ta farko matakin kariya na wucin gadi, wanda sashe na 19 ya tanada. Sai an nuna kayan sun ƙaru, an nuna masana'antar gida ta yi mummunan rauni, sannan an haɗa raunin da ƙaruwar. Idan an samu, bai wuce shekara 4 ba, a tsawaita jimilla zuwa 8, ƙasa mai tasowa kuma zuwa 10, kuma ana sassauta shi a hankali tun yana aiki. Ta biyu harajin hana jibge kaya, wato inda aka tabbatar kamfanin waje yana sayar mana da yadi ƙasa da farashin da yake sayarwa a ƙasarsa. Idan bambancin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, ana rufe binciken. Idan an sa harajin, bayan shekara 5 sai ya faɗi, in ba an sake bincike ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, ƙarar jibge kaya ba ta tashi sai masu samar da aƙalla kashi 25 cikin 100 na yadin gida sun goyi baya. A wasu ƙasashe, kamar Amurka, ƙungiyar ma'aikata tana iya shigar da ƙarar da kanta, amma ko a can alƙaluman ciniki da riba da asara suna cikin littattafan masu masaƙa. Muka bi masu masaƙun ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ba mu haɗin kai. Wasu sun yi ta yi mana gobe-jibi, sai daga baya muka gane dalili: su da kansu sun zama masu shigo da kaya. Mutum ya tsayar da rabin injinansa, ya sayo ɗanyen yadi daga waje, ya yi masa rini da guga a nan, ya buga sunansa. Irin wannan ba zai sa hannu a takardar da za ta ɗora haraji a kan kayansa ba. Ba mu ambaci sunan kowa ba a nan, kuma muna roƙon kada a ambata a taro, domin har yanzu muna bukatar zama da su.

Aikin kwamitin ƙididdiga

Bayan wannan ne muka kafa ƙaramin kwamiti ya koyi karanta alƙaluman kwastam. A ganina wannan shi ne aiki mafi daraja da muka yi a shekarar, ko da yake ba wanda zai yi masa tafi.

Kayan ulu suna babi na 51 na tsarin lambobin kwastam na duniya. Yadin da aka saƙa da shiɓaɓɓen ulu yana lamba 5111, na tajajjen ulu, irin wanda ake ɗinka kwat da shi, yana 5112, kuma a cikin kowanne an raba mai kashi 85 cikin 100 na ulu zuwa sama da wanda bai kai ba. Yadin da foliyesta ta rinjayi ulu a cikinsa kuwa ya bar babin gaba ɗaya ya koma na 55. To, mai saye ba ruwansa da babi. Yana taɓawa ya ji laushi, an ce masa ulu ne, kuɗin kuma bai kai namu ba, shi ke nan. Da mun yi nasarar samun haraji a kan babi na 51 kaɗai, da wannan gaurayen yadi ya ci gaba da shigowa abinsa, har ma ya ƙaru.

Abu na biyu da kwamitin ya jawo hankalinmu a kai ya fi wannan nauyi. Mun daɗe muna kallon dilolin yadi, alhali ɗinkakkun kaya na babi na 61 da 62 suna wuce mu ta gefe. Kwat ɗaya da aka ɗinka a waje ta shigo da aikin mai wanke ulu, da mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da mai guga, duk a dunƙule, ga na tela a kai. Suwaita ma haka. Gwanjo kuma yana da tasa lambar, 6309. Wanda ya ce a tare yadi ya bar riga, ya toshe taga ne ya bar ƙofa a wangale.

Kwamitin ya kuma buɗe rajistar mambobin da aka sallama: sashen da mutum yake, shekarunsa a aiki, ko an biya shi haƙƙinsa, da abin da yake yi yanzu. Ba a kammala ba, wasu rassa ba su turo nasu ba, don haka ba za mu fitar da adadi ba sai ya cika. Amma abin da muka ji daga bakin mutane yayin cike takardun ba ya bukatar lissafi. Waɗanda suka fi shan wuya su ne dattawan da suka ƙare ƙuruciyarsu a kan inji ɗaya, da matan sashen duba yadi, masu bin ƙyalle da allura suna cire ƙulli suna mayar da zaren da ya tsinke. Ƙwarewa ce ta shekaru, amma a wajen masaƙa ba mai sayenta. Wanda ya samu wani aikin ma, galibi na wucin gadi ne, albashi ƙasa da na da, ba fansho.

Wannan ba namu ba ne mu kaɗai. Masana tattalin arziki uku, David Autor da David Dorn da Gordon Hanson, sun wallafa bincike a 2013 a kan Amurka, inda suka ƙiyasta cewa gasar kayan Sin ce ta haddasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na raguwar ayyukan masana'antu tsakanin 1990 da 2007. Suka kuma nuna raunin yana taruwa ne a yankunan da masana'antun suke, inda masu neman tallafin gwamnati suka ƙaru. A riƙe duka ɓangarorin biyu: kashi ɗaya cikin huɗu abu ne babba, amma saura uku daga wani wuri suka fito.

Zaman ilimi da muhawarar da suka tayar

Mun gudanar da zaman ilimi a rassa kan yadda wasu ƙasashe suka fuskanci wannan matsala. An yi musu sosai, wani zaman har sai da shugaba ya tsawatar.

Mun fara da tarihin ƙayyade kaya. Yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa na 1961 da 1962 kan ƙayyade shigo da yadi da tufafi auduga kaɗai suka shafa. A 1974 aka kawo wadda ta haɗa da ulu da zaren roba, ƙasashe masu arziki suna yanke wa masu tasowa adadin da za su shigo da shi. Da aka kafa WTO a 1995 aka ba da shekara 10 a warware tsarin. Sin ta shiga ƙungiyar a Disamban 2001, ranar 1 ga Janairun 2005 kuma ƙayyadewar ta ƙare. A cikin watanni kaɗan kaya suka yi ambaliya, har Tarayyar Turai ta koma ta ƙulla yarjejeniya da Sin a watan Yunin shekarar don taƙaita wasu nau'o'in kaya, ciki har da suwaita, zuwa ƙarshen 2007. Afirka ta Kudu ma ta ƙayyade tufafi da yadin Sin a 2007 da 2008, sai 'yan kasuwa suka karkata zuwa wasu ƙasashen masu araha. An gudu ba a tsira ba.

Abin lura, shekara 30 masaƙun Turai da Amurka suka yi a ƙarƙashin wannan inuwa, amma ayyuka ba su daina raguwa ba. Masaƙar Titus Salt da ke Saltaire kusa da Bradford a Ingila, wadda aka buɗe a 1853 da ma'aikata kusan 3,000, ta rufe a 1986, lokacin da ƙayyadewar ke kan ganiyarta. Yau wurin yawon buɗe ido ne, UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. A birnin Lawrence na jihar Massachusetts a Amurka, inda ma'aikatan masaƙu fiye da 20,000 suka yi shahararren yajin aikin 1912, manyan masaƙun ulu sun durƙushe tun a shekarun 1950. Ba kayan Asiya ne suka kayar da su ba a lokacin; masana'antar ta yi ƙaura zuwa kudancin ƙasar inda lada ke da araha, zaren roba kuma ya fara cin kasuwa.

Wannan batu na zaren roba shi ne wasu mambobi ba sa son ji. A yau ulu bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na zaren da duniya ke samarwa ba, foliyesta kuwa ta haura rabi. Ga kuma inji: masaƙi ɗaya a kan injina marasa ƙoshiya yana fitar da abin da mutane da yawa ke fitarwa a da. Ko da ba a shigo da ƙyalle ko ɗaya ba, masaƙar zamani ba za ta ɗauki yawan mutanen da iyayenmu suka sani ba. Faɗin haka ba wanke kayan waje ba ne. Dalilin faɗinsa shi ne, dokar kariya da kanta ta ce kada a ɗora wa kayan waje raunin da wani abu ya jawo, kuma lauyoyin masu shigo da kaya da wannan za su fara sukar mu.

Wani dattijo daga sashen rini ya ba mu dariya da labarin Ingila, inda daga 1666 aka yi dokar da ta tilasta a binne mamaci cikin likkafanin ulu, wanda ya saɓa ya biya tarar fam 5, duk don a raya kasuwar gida. Ya ce shi dai in za a dawo da ita yana goyon baya, ko ba komai ya san da mai saye ɗaya tabbatacce. Sai 1814 aka soke dokar, bayan an daɗe da daina bin ta.

Zaman da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Ostireliya. Ƙasar ta yi ƙoƙarin riƙe farashin ɗanyen ulu ta hanyar saye duk abin da kasuwa ta ƙi. Tsarin ya rushe a Fabrairun 1991, ya bar tarin dila miliyan 4.7, wanda sai 2001 aka gama sayarwa. Tumakin ƙasar sun kai kusan miliyan 170 a 1990, yanzu ba su kai rabin haka ba. Fiye da kashi uku cikin huɗu na ulun da take fitarwa Sin yake tafiya, yawancinsa da maiƙonsa, ba a ko wanke ba. Ke nan ƙasar da ta fi kowa ulu mai laushi ta bar aikin sarrafa shi ya tsere mata.

A nan darasin ya taɓa mu kai tsaye. Aikin ulu sarƙa ne: sausaya, wanki, shiɓa, taza, kaɗi, saƙa, rini, kammalawa. Ɗanyen ulu yakan zubar da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ko fiye a wajen wanki, kuma wurin wankin yana cin ruwa da wuta da kuɗin tace ƙazanta, ba ya tsayuwa sai da ulu mai yawa. Idan ya rufe, mai kaɗi dole ya sayo tajajjen ulu daga waje. In mai kaɗi ya bi baya, masaƙi ya koma jiran jirgin ruwa kafin ya sami zare, saurin kai kaya da yake taƙama da shi ya tafi. Ko a Birtaniya manyan wuraren wankin ulu da suka rage ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Garuruwan Italiya kamar Biella da Prato, duk da su ma sun yi asarar ayyuka, sun tsaya ne saboda sassan sarƙar suna kusa da juna, Prato kuma ta ƙware wajen mayar da tsofaffin kayan ulu sabon zare. Shi ya sa kwamiti ke ganin rufewar ƙaramin wurin rini ko na kaɗi ta fi cancanta mu tashi tsaye a kanta fiye da yadda muka saba, ko da ma'aikatansa ba su da yawa.

Mun kuma yi zama da wakilan teloli da masu kamfanonin ɗinki. Ba su ɓoye mana ba: haraji a kan yadi kaɗai zai tsadantar musu da kaya, ɗinkakkun kayan waje su ƙarasa su, kuma sun fi mu yawa. Gaskiyarsu ce. An rabu a kan cewa duk takardar da za a sake kaiwa ta haɗa yadi da tufafi, kuma a kai ta tare.

Jin daɗin mambobi

Asusun tallafi ya kai ga iyalan da aka sallama gwargwadon hali, bayanin yana wajen ma'aji. Wata masaƙa ta rufe ba tare da biyan kuɗin sallama ba. Lauyanmu ya shigar da bukatun mambobi gaban mai kula da rabon kadarorin, ana jiran sakamako. Wannan ya sa muka fara neman a yi aiki da yarjejeniya mai lamba 173 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1992, wadda ke ba haƙƙin ma'aikaci fifiko ko lamuni idan kamfani ya karye, da mai lamba 158 ta 1982, wadda ta ce a tuntuɓi wakilan ma'aikata kafin sallama saboda matsin tattalin arziki.

Horaswa biyu muka shirya. Ta koyon kwamfuta ba ta yi armashi ba, mun tsara ta ba tare da mun tambayi kowa ba, kujeru suka yi ta zama babu mutane. Ta gyaran injina da lantarkinsu ta cika maƙil, domin sana'a ce da ake nema har a masana'antun da ba na saƙa ba. Za mu ci gaba da ta biyu, mu dakatar da ta farko.

Kuɗin wata-wata ya ja baya, abin da ba ya bukatar bayani: wanda ba ya karɓar albashi ba zai biya ba.

Abin da za a kaɗa wa ƙuri'a

Kwamiti yana ba da shawarar a janye ƙudurin neman haramci baki ɗaya. Mun san akwai masu ganin wannan ja da baya ne, biyu daga cikin 'yan kwamitin ma haka suke gani, kuma za a ba su dama su yi bayani kafin ƙuri'a. A madadinsa muna son izininku mu nemi matakin kariya na wucin gadi a kan yadi da tufafi tare, da sharaɗin duk masaƙar da ta amfana ta zuba jari a injina ta kuma riƙe ma'aikatanta. Kariya ba tare da sharaɗi ba aljihun mai masaƙa kaɗai take cikawa.

Muna kuma son a matsa kan dokar bayyana abin da ke cikin yadi da ƙasar da aka saƙa shi. Amurka tana da irinta kan kayan ulu tun 1939, Birtaniya kuma ta kare sunan Harris Tweed da dokar 1993, ta yadda ba a kiran yadi da sunan sai an saƙa shi da hannu a gidajen mutanen tsibiran Outer Hebrides na Scotland. Sai sayayyar gwamnati, kayan sarki da barguna: dokar Berry ta 1941 ta wajabta wa sojan Amurka sayen tufafi da yadin gida, kuma tana cikin abin da ya riƙe ragowar masaƙun ulun ƙasar. Game da tallafin sake koyon sana'a, muna son ya zama na dindindin a doka, ganin cewa shirin Amurka da aka kafa a 1962 ya daina karɓar sababbin koke a Yulin 2022 saboda majalisa ba ta sabunta shi ba.

Ƙuduri na ƙarshe na cikin gida ne: mamban da aka sallama ya ci gaba da zama cikakken mamba, da ƙuri'arsa, ba tare da biyan kuɗin wata ba har ya sami aiki.

Duk wanda aka sallama ko aka rage wa kwanakin aiki, don Allah ya zo taro da takardar sallamarsa da takardun albashinsa na ƙarshe. Kwamitin ƙididdiga zai zauna a bakin ƙofa tun kafin a fara, zai ɗauki hoton takardun ya mayar wa kowa nasa. Sakatarorin rassan da ba su turo rajistarsu ba su riƙo ta a hannu.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa